Harshen Damo da Amanar Magana: Darasi Daga Kalmar Shingle

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, mun ba ɗalibanmu na darasin fassara wani guntun labari na Ingilishi domin su mayar da shi Hausa. Labarin wani dattijo ne da ya fita da asuba yana tafiya a bakin teku, marubucin kuma ya ce ƙafafunsa suna nutsewa cikin shingle. Da muka karɓi takardu muka zauna dubawa, sai muka tarar an rarraba dattijon nan gida-gida. Mafi yawa sun ɗora shi a kan rufin ɗaki, domin ita ce ma'anar farko da suka gani a ƙamus. Wata ɗaliba, wadda da alama ta taɓa jin kalmar a bakin likita, ta ce ƙuraje ne suka feso masa a ƙafa. Wani kuma bai wahalar da kansa da ƙamus ba, ya ga kalmar ta yi kama da shinge, sai ya sa dattijon ya tsallaka shingen gona. Mutum biyu kacal suka bar shi inda marubucin ya ajiye shi, wato a kan tsakuwar gaɓar teku.

Mun yi dariya tare da su a aji, aka gyara, aka wuce. Amma bayan an tashi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗora dattijon a kan rufi ya biyo mu ofis da ƙamus a hannu, ya buɗe, ya nuna da yatsa. Ya ce, "Malam, ga shi nan a rubuce. Tun da kalmar tana da wannan ma'ana, ta yaya za a ce na yi kuskure?" Mun ba shi amsar da ta dace da darasin fassara, ya tafi, amma tambayar ba ta bar mu ba. Dalili kuwa shi ne mun sha jin irinta a wuraren da abin da ake asara ya fi maki, kamar kasuwa da gaban alƙali da dandalin masu neman ƙuri'a. Mutum zai furta kalma, wani ya ɗauke ta da wata ma'ana, ya yi aiki da ita ya cutu, idan aka zo titsiye sai mai maganar ya ce shi bai yi ƙarya ba, a je a duba. Ɗalibinmu ya yi nasa cikin rashin sani, waɗancan kuwa sau da yawa da gangan suke yi, amma hujjarsu guda ce.

Saboda haka manufar wannan maƙala ita ce duba tambaya ɗaya: idan kalma tana da ma'ana fiye da ɗaya, wa ke ɗauke da alhakin ma'anar da ta sauka a zuciyar mai sauraro? Za mu bi ta kan kalmar nan da ta jawo maganar, domin ba kasafai ake samun ƙaramar kalma mai ɗauke da kaya irin nata ba.

Asalin kalmar da rassanta

Ma'anar da ta fi tsufa a Ingilishi ita ce ta rufi, wadda ta shiga harshen wajejen shekara ta 1200 daga kalmar Latin scindula. Siririn falle ne na katako da ake faskarawa, a jera shi a kan ɗaki daga ƙasa zuwa sama, kowane layi yana rufe kan na ƙasansa domin ruwa ya zurare. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake baibayar jinka ya san wannan dabara. Marubucin Rumawa, Pliny, ya ruwaito cewa birnin Rum da irin wannan katako aka yi ta rufa shi har tsawon shekara 470. Daga baya, a farkon ƙarni na 20, Amurkawa suka fara yin irinsa da kwalta da yayyafin dutse, katakon ya tafi, sunan ya zauna.

Wannan ma'ana ta haifi 'ya'ya. A Amurka ta ƙarni na 19, sabon lauya ko sabon likita kan ɗauki falle guda na katakon rufi ya rubuta sunansa ya rataya a ƙofa, saboda haka har yau idan aka ce wani ya rataya shingle ɗinsa, ana nufin ya buɗe ofishin kansa. Wajejen 1924 kuma aka sa wa wani salon saisaye na mata wannan suna, domin ana rage gashin ƙeya hawa-hawa har ya yi kama da jerin rufi. Mutanen Ostireliya, idan suna so su ce mutum ba shi da cikakken hankali, sai su ce rufinsa ya rasa falle ɗaya. Zamanin kwamfuta ma ya ɗebi rabonsa. A 1997 wani masani mai suna Andrei Broder ya bayyana dabarar yanka rubutu zuwa gajerun jerin kalmomi masu hawa kan juna, a gwada su da na wani rubutun domin a gane yawan kamanninsu, ya kuma kira kowane jeri da wannan suna. Irin wannan dabara tana cikin abin da ake kama satar rubutu da shi, abin da ya kamata ɗalibai su riƙe. Haka kuma tun 2013 ake sayar da faifan ajiyar kwamfuta wanda layukan bayanansa ke hawa kan juna kamar rufi, shi ma da sunan yake tafiya.

Ma'ana ta biyu ita ce wadda ta kayar da ɗalibanmu, wato tsakuwar da ruwan teku ya goge ta yi sumul, ya tara ta a gaɓa. Ta bayyana a rubuce a ƙarni na 16, masana kuma suna danganta ta da wata kalma ta harshen Norwe mai nufin ƙananan duwatsu. Shahararren misalinta shi ne gaɓar Chesil da ke kudancin Ingila, mai tsawon kusan kilomita 29, inda igiyar ruwa ta tankaɗe duwatsun da kanta: a ƙarshen yamma ba su wuce ƙwayar wake ba, a ƙarshen gabas kuwa suna kai dunƙulen hannu. Ana cewa masuntan wurin, idan suka sauka cikin duhu, sukan ɗebi tsakuwa a hannu su gane inda suke.

Ma'ana ta uku cuta ce, kuma a sigar jam'i ake faɗarta, wato shingles. Ta shiga Ingilishi a ƙarshen ƙarni na 14 daga kalmar Latin cingulum, wato ɗamara, saboda ƙurajenta kan fito a jere su kewaye rabin jiki ta gefe ɗaya kamar an ɗaura ɗamara. Ƙwayar da ke kawo ƙarambau ita ke kawo ta. Bayan yaro ya warke daga ƙarambau, ƙwayar takan laɓe a tushen jijiyoyi shekara da shekaru, sai tsufa ko wata rashin lafiya ta raunana garkuwar jiki, sannan ta farka ta bi jijiya guda zuwa fata da zafi mai tsanani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 3 a ƙasar zai kamu da ita a rayuwarsa, an kuma amince da allurar riga-kafinta a can a 2006, da wata sabuwa a 2017.

Ma'ana ta huɗu ta maƙera ce, daga kalmar Faransanci cingler mai nufin bugu ko tsula bulala. A masana'antun Ingila na ƙarni na 18 da na 19, idan aka fito da curin ƙarfe daga wuta yana ja, sai a sa shi ƙarƙashin ƙatuwar guduma a yi ta duka har kashin ƙarfen ya fita, ya bar tsantsa. Wannan duka shi ma shingle ake ce masa.

'Yan'uwa da takwarori

Idan mai karatu ya lura, ma'anonin nan ba matsayinsu ɗaya ba. Rufi da allon lauya da saisaye da dabarar kwamfuta 'yan gida ɗaya ne, kakansu guda, wanda ya san ɗaya zai iya hango hanyar da ta kai ga sauran. Amma rufi da tsakuwa da cuta da dukan ƙarfe takwarori ne kawai. Kowace daga garinta ta taso, tafiya ta haɗa su a masauki ɗaya, bakin Turawa ya yi ta goge su har suka zama suna guda. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Babu harshen da ya kuɓuta daga wannan. Mu ma muna cin tuwo, mu ci kasuwa, mu ci jarrabawa, wani ya ci sarauta, wani ya ci amana, duk da kalma ɗaya. Bakin da muke magana da shi ya ba da aron sunansa ga bakin teku da bakin wuƙa. A rubuce kuma, inda ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, garin da ake zama da garin da ake tuƙawa sura ɗaya gare su, haka wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha. Da a ce kowane abu a duniya sai an yanka masa nasa suna, da babu ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki harshe. Ke nan yawan ma'ana tattali ne da harshe ke yi, ba aibi ba ne.

Abin da ya sa wannan tattali bai zama rikici ba shi ne kalma ba ta tafiya ita kaɗai. Maƙwabtanta a jimla, da wurin da aka faɗe ta, da wanda ya faɗa, su ke rufe sauran ƙofofin su bar guda a buɗe. Wanda ya ga asuba da teku da ƙafa mai nutsewa, ya kamata ya yi abin da masuntan Chesil ke yi, ya shafa abin da ke kewaye da shi ya gane inda ya sauka. Amsar da muka ba ɗalibinmu ke nan: ƙamus yana lissafa gidajen da kalma ta taɓa kwana, jimla ce ke faɗin inda ta kwana a daren nan.

Mai kanti da baƙo

Yanzu bari mu kai maganar inda take da nauyi. A Ingila, kantin kayan gini guda yakan sayar da tsakuwar zuba wa farfajiya da kuma fallayen rufi, duka biyu da wannan suna. Mu ƙaddara wani baƙo, wanda Ingilishinsa bai nuna ba, ya shiga ya ce yana son shingle na kuɗi kaza, ya kuma ambata cewa ɗakinsa ne ke yoyo. Mai kanti ya ji sarai, amma tsakuwa ce ta yi masa kwantai, saboda haka ya rubuta rasit da kalmar da baƙon ya faɗa, ya karɓi kuɗi, ya aika masa da buhunan tsakuwa. Baƙo ya dawo da ƙorafi, mai kanti ya ɗauko rasit da ƙamus. Babu harafi ɗaya na ƙarya a takardar. Shin ya yi ƙarya?

A ganinmu ya yi, kuma ƙaryarsa ta fi ta wanda ya faɗi abin da babu muni. Abin da ya sa ake ƙin ƙarya shi ne tana dasa wa mutum abin da ba haka yake ba a zuciya, ta sa ya yi aiki a kan ramin da bai gani ba. Mai kanti ya yi wannan daidai-wa-daida. Abin da ya ƙara a kai shi ne ya tanadi mafita tun kafin a kama shi, ya kuma shirya yadda zai juya laifin a kan wanda ya cuta, ya ce shi ne bai iya magana ba. Maƙaryaci na sosai ya san idan asiri ya tonu zai sha kunya. Mai harshen damo yana so ya ci ribar ƙarya, ya kuma riƙe sunan mai gaskiya.

Ba sai mun je Ingila ba kafin mu ga mai kantin nan. Dillalin da ya ce mota sabuwa ce, yana nufin sabuwar saukowa daga jirgi, alhali ya san mai saye ya ɗauka ba a taɓa hawanta ba, ƙanensa ne. Haka wanda ya tsaya wa wani a wurin neman bashi ya ce ɗan'uwansa ne, yana nufin garinsu ɗaya, alhali ya san mai ba da bashin jini ya fahimta. Ƙa'idar da muke ɗorawa a nan ita ce: mai magana yana ɗauke da alhakin ma'anar da ya san mai sauraro ya ɗauka, matuƙar ya ga ya ɗauke ta kuma ya ƙyale shi a kanta domin ya amfana.

Ba kowane harshen damo ne yaudara ba

Sai dai kuma wajibi ne mu yi adalci, domin akwai wuraren da ma'ana ke rabuwa biyu ba tare da an ci amanar kowa ba.

Na farko shi ne inda kowa ya yi kuskure da zuciya ɗaya. A 1864 wata kotu a Ingila ta saurari ƙarar wasu 'yan kasuwar Libaful a kan dila 125 ta auduga da za ta zo daga Bombay a jirgin ruwa mai suna Peerless. Ashe jirage biyu ne masu wannan suna, ɗaya ya taso a watan Oktoba, ɗaya a Disamba. Masu saye na farkon suke nufi, mai sayarwa na biyun yake nufi, saboda haka da audugar ta iso a jirgin Disamba suka ƙi karɓa. Kotu ba ta tilasta musu ba, masana shari'a kuma suna karantar da hukuncin a matsayin misalin cinikin da bai ƙullu ba, tun da zukatan ba su haɗu a kan abu guda ba. A nan akwai asara, amma babu mayaudari.

Na biyu shi ne inda wanda ake ɓoye wa ba shi da haƙƙin sani. Ranar 22 ga Janairu, 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ƙawance kimanin 36,000 suka sauka a gaɓar Anziyo ta Italiya, sunan sirrin da aka ba wannan farmaki kuwa shi ne Shingle. Amfanin irin wannan suna shi ne ko da ya faɗa kunnen abokin gaba, kada ya gane wuri ko lokaci. Babu mai cewa an ci amanar Jamusawa, domin babu amanar labari tsakanin rundunoni biyu masu yaƙi.

Na uku shi ne inda kowa ya san wasan. Mawaƙi da mai kacici-kacici da mai habaici da harshen damo suke cin abinci, masu sauraro kuma don shi suka taru. Daɗin yana cikin ganin ma'ana biyu a lokaci guda. Haka sakaya zance saboda kunya, kamar a ce mace ta sauka, ko wane ya riga mu gidan gaskiya, babu wanda ya ɓata a ciki.

Idan aka duba waɗannan wurare, za a ga ba su rushe ƙa'idarmu ba, iyakarta suka nuna. Yaudara tana tabbata ne idan abu uku suka haɗu: mai magana ya san an fahimce shi a karkace, mai sauraro yana da haƙƙin sanin gaskiyar, kuma karkacewar za ta cutar da shi. Mai kantinmu ya cika duka ukun.

Abin da magabata suka gani

Wannan matsala ta daɗe tana damun masu tunani. Aristotal ya buɗe ɗaya daga cikin littattafansa na manɗiƙi da bayanin abubuwan da suka yi tarayya a suna kawai, a wani littafin kuma ya sa wasa da irin waɗannan kalmomi cikin dabarun da masu gardamar banza ke kayar da mutane da su. Malaman usulul fiƙhu sun ware babi ga lafazin da suke kira mushtaraki. Sanannen misalinsu shi ne kalmar ƙur'u a hukuncin iddar matar da aka saki, wadda a Larabci take ɗaukar ma'anar haila da ma'anar tsarki. Imamu Malik da Imamu Shafi'i sun tafi a kan tsarki, Imamu Abu Hanifa ya tafi a kan haila, kowannensu kuma hujja ya bi, bai zaɓi wadda ta fi masa daɗi ba. Dangane da tauriyya, wato faɗin magana mai fuska biyu da nufin fuskar da ke nesa, malamai da yawa sun yi rangwame ga wanda ke tsere wa zalunci, amma sun hana ta ga mai son cin haƙƙin wani, suka kuma ce rantsuwa a gaban alƙali tana bin niyyar mai rantsarwa.

Turawan Ingila sun ɗanɗani ɗacin wannan muhawara a farkon ƙarni na 17. A lokacin ana farautar limaman Katolika, wasunsu kuma suka koyar da cewa halal ne a amsa wa mai bincike da magana mai fuska biyu domin a kare wanda aka ɓoye. Bayan an tona makircin tarwatsa majalisar ƙasar da albarushi a 1605, aka gurfanar da shugabansu Henry Garnet, aka yi amfani da wannan koyarwa wajen zubar da duk abin da ya faɗa, aka rataye shi a 1606. Wasan kwaikwayon Macbeth na Shakespeare, wanda masana ke ɗora rubuta shi a wannan tsakani, a kan wannan gaɓa ya ƙulla ƙarshen gwarzonsa. An tabbatar wa Macbeth cewa babu wanda mace ta haifa da zai iya cutar da shi, ya saki jiki, sai ga shi a gaban mutumin da aka farka cikin uwarsa aka ciro shi. Kalmar haihuwa ce ta yi masa harshen damo.

Labarin Garnet ya nuna inda tambayar ta fi tsauri. Mutumin da ke kare ran wani daga mai farauta yana da uzurin da mai kanti ba shi da shi, kuma da wuya a sami mai lamiri da zai ce ya miƙa wanda ya fake a gidansa. Amma ko mai uzuri yana biyan farashi, domin ranar da mutane suka gane cewa kalmominsa suna da ƙofar baya, to ko ya faɗi gaskiya tsirara ba za a karɓa ba. Saboda haka muke ganin tauriyya kamar cin mushe take ga wanda yunwa za ta kashe: an yarda da ita gwargwadon larura, ba a mayar da ita cimar yau da kullum.

Rabon mai sauraro

Kada a ɗauka duk nauyin yana wuyan mai magana. Mai sauraro ma yana da nasa kason, kuma kashi biyu ne. Na farko shi ne tambaya. Da baƙon nan ya ce a nuna masa kayan kafin ya biya, da 'yan kasuwar Libaful sun tambayi watan da jirgi zai taso, da an huta. Matambayi ba ya ɓata, amma girman kai yakan hana mai digiri cewa bai gane ba. Na biyu shi ne kyautata fahimta. Akwai masu sauraron da, idan magana tana da fuska biyu, sai sun laluɓo mafi muni sun rataya wa mai ita, ko da sun san ba ita yake nufi ba. Wannan shi ne mai kantin nan ya koma ɗaya gefen teburi. Zumunci da yawa ya mutu a kan kalmar da mai ita ya faɗa da nufi ɗaya aka kai ta gaba da wani nufin.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, mu da muke karatu da koyar da Hausa a wannan sashe na ƙasa. Da yawa daga cikin ɗalibanmu, tun kafin su karɓi takardar shaida, an riga an mayar da su tafintoci. Su ake kira idan ɗan kasuwa daga arewa ya kwanta a asibiti, ko ya shiga hannun hukuma, ko zai sa hannu a takardar haya. Tafinta mai sauraro ne kuma mai magana ne a lokaci guda, saboda haka nauyin biyu duk a kansa suke. Idan likita ya ce shingles, tafinta ya kama rufi, abin ya wuce dariyar aji. Idan kuma ya ga kalma mai fuska biyu a takarda ya yi shiru don kada a ce bai iya Turanci ba, to ya sayar da wanda ya dogara da shi.

Kammalawa

A kasuwannin kayan gini na Legas da sauran biranen ƙasar nan ana sayar da wani kwanon rufi da sunan shingle. Ƙarfe ne aka buga, aka yayyafa masa tsakuwa, aka yi masa zanen fallayen katako. Mukan yi murmushi idan muka gan shi, domin takwarorin da tarihi ya raba asalinsu sun haɗu a kan ɗaki guda. Duk da haka magini ya faɗi sunan, mai kanti ya miƙo abin da ake nufi, a biya a rabu lafiya, saboda kowannensu yana so a fahimci juna. Wannan niyya ita ce ke riƙe da harshe, ƙamus taimako kawai yake yi mata.

Abin da muke roƙon ɗalibanmu da abokan aikinmu shi ne, kafin mutum ya kare kansa da cewa abin da ya faɗa daidai ne, ya fara tambayar zuciyarsa abin da ya bari aka fahimta. Idan ya ga an kama fuskar da ba ita ba, ya gyara nan take tun ana zaune, domin magana zarar bunu ce, wadda aka zara daga jinka ba ta komawa. Shi kuwa ɗalibinmu mai ƙamus, ya sake fassarar ya kawo, ya sauko da dattijon daga kan rufi ya mayar da shi bakin teku, mun kuma ba shi makinsa.